Tafiya da jariri a jirgin sama: a cinya ko a kujerarsa, wanne ya fi aminci?

Duk wanda ya saba bin jirgin sama tsakanin Yamai da Lome, ko Njamena da Duwala, ko kuma zuwa Jidda lokacin umara, ya saba ganin uwa zaune da jariri a cinya, ta rungume shi tun daga tashi har sauka. Doka ta yarda da hakan, kuma shi ne mafi araha. Sai dai hukumomin da ke binciken haɗurran jiragen sama sun daɗe suna cewa hannun uwa, komai ƙarfinsa, ba ya iya riƙe yaro a lokacin da jirgi ya yi mummunar jijjiga. Ga bayani kan abin da ƙa'idoji suka tanada, da zaɓin da iyaye suke da shi, da kuma wurin da ya fi dacewa a zauna da jariri.

Wa ake kira jariri a wurin kamfanonin jirage?

A tsarin sufurin sama, jariri shi ne yaron da bai cika shekara 2 ba a ranar tafiya. A tikitin Faransanci za a ga an rubuta « bébé », a wasu tikitocin kuma haruffa uku, INF. Irin wannan yaro yana iya tafiya a cinyar babban mutum ba tare da an saya masa kujera ba. A tafiye-tafiyen ƙasa da ƙasa, yawancin kamfanoni suna karɓar kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin babba, sannan a ƙara wasu haraje-haraje. Misali, idan kuɗin babba jaka 400 ne na CFA kafin haraji, na jaririn cinya zai kama wajen jaka 40. Idan kuwa kujera za a saya masa, to kuɗin yaro za a biya, wanda sau da yawa yake kaiwa kashi 75 cikin 100 na kuɗin babba, wani lokaci ma daidai da shi.

Ranar haihuwa tana da muhimmanci a nan. Yaron da ya tafi yana da wata 23, ya cika shekara 2 kafin ranar dawowa, akasarin kamfanoni za su nemi a saya masa kujera a tafiyar dawowa. Iyalan da ke zuwa ganin gida su yi wata biyu ko uku su ne suka fi faɗawa cikin wannan matsala, sai su tarar da ƙarin kuɗi a filin jirgi ba shiri.

Haka kuma babba ɗaya jariri ɗaya kawai zai riƙe a cinya. Uwar tagwaye da za ta yi tafiya ita kaɗai sai ta saya wa ɗaya kujera ta zo da abin zaunar da shi, ko kuma ta samu wani babba ya raka ta.

Me ya sa hannu ba ya isa?

Lissafin ba shi da wuya. Idan jirgi ya tsaya farat ɗaya ko ya daki ƙasa, nauyin duk abin da ke cikinsa yana ninkuwa gwargwadon ƙarfin bugun. Kujerun jiragen fasinja na zamani ana gwada su ne a kan ƙarfin da ya ninka nauyin jiki sau 16. A irin wannan bugu, yaro mai kilo 10 zai fizge daga hannu da ƙarfin kilo 160, fiye da buhu uku na siminti, kuma cikin ƙiftawar ido. Ko a jijjigar da ba ta kai haka ba, abin da ke kayar da mutane shi ne zuwanta ba sanarwa, a daidai lokacin da uwa ta yi gyangyaɗi ko ta miƙa hannu karɓar abinci.

Haɗarin da aka fi kafa hujja da shi ya faru ne ranar 19 ga Yulin 1989 a birnin Sioux City na Amurka, inda jirgin United Airlines ƙirar DC-10 ya tarwatse wajen saukar gaggawa. Daga cikin mutum 296 da ke ciki, 112 sun rasu, 184 sun tsira. Akwai yara huɗu da ake riƙe da su a cinya. Bisa ƙa'idar wancan lokaci, ma'aikata sun umarci iyaye su kwantar da su a ƙasa tsakanin ƙafafunsu su danne su. Da jirgin ya daki ƙasa, wasu daga cikin yaran suka kuɓuce daga hannun iyayensu, ɗaya kuma ya rasu. Shugabar ma'aikatan cikin jirgin, Jan Brown, wadda ta tsira, ta shafe shekaru masu yawa tana fafutukar ganin an wajabta wa kowane jariri kujerarsa.

Batun ya sake tasowa ranar 5 ga Janairun 2024, lokacin da wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jikin jirgin Alaska Airlines ƙirar Boeing 737 MAX 9 jim kaɗan bayan tashinsa daga Portland, yana sama da mita 4,000 daga ƙasa. Iskar da ta fita da ƙarfi ta yage wa wani matashi riga daga jikinsa. Jarirai uku ne ke cinya a cikin jirgin. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta yi amfani da lamarin wajen sabunta kiranta ga iyaye su riƙa saya wa jarirai kujera.

Irin waɗannan haɗurra ba kasafai suke faruwa ba. Abin da fasinja ya fi haɗuwa da shi shi ne gargadar iska. A yankin Sahel da gaɓar tekun Gine, manyan hadaran damina su ne ke haddasa ta, kuma matuƙa suna ganinsu a na'ura su kauce musu. Akwai kuma wadda ke zuwa sararin sama fes, babu gajimare, wadda na'urar jirgi ba ta hango ta. Wani binciken Jami'ar Reading ta Ingila da aka wallafa a 2023 ya gano cewa mai tsanani daga cikin irin wannan gargada ta ƙaru da kashi 55 cikin 100 a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020. Ranar 21 ga Mayun 2024 kuma, jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya faɗa mummunar jijjiga a sararin Myanmar. Mutum ɗaya ya rasu, gommai suka ji rauni, da dama daga cikinsu sun daki rufin jirgin ne saboda ba su ɗaura bel ba.

To me ya hana a wajabta kujera?

Hukumar sufurin sama ta Amurka, FAA, ta duba batun, sannan a 2005 ta yanke cewa ba za ta tilasta ba, za ta ci gaba da ba da shawara kawai. Hujjarta ita ce, idan aka tilasta sayen ƙarin tikiti, iyalai da yawa za su haƙura da jirgi su shiga mota, kuma mota ta fi jirgi kisa nesa ba kusa ba. Wannan hujja ta fi ƙarfi a nahiyarmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya suna kashe kusan mutum miliyan 1.19 a duniya kowace shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka kwatanta da yawan jama'a. Saboda haka jaririn da ke cinyar uwarsa a jirgi ya fi wanda ke cinyarta a motar haya samun kariya. Wanda bai da halin sayen kujera kada ya ɗauka cewa bin hanyar mota shi ne mafita.

Hukumar kula da sufurin sama ta duniya, ICAO, wadda masu Faransanci ke kira OACI, ta fitar da kundin jagora kan wannan batu a 2015. Matsayinta shi ne kujera ta musamman da aka amince da ita ce hanya mafi aminci, amma ta bar wa kowace ƙasa ta tsara dokarta. Shi ya sa abin da za a tarar ya danganta da ƙasar da kamfanin jirgin yake da rajista, ba filin da aka tashi ba.

Zaɓi huɗu da ke gaban iyaye

Na farko shi ne cinya tare da ƙaramin bel. Kamfanonin Turai da kamfanoni da yawa da ke zirga-zirga a Afirka suna ba da wani ɗan bel mai madauki, wanda ake zura bel ɗin babba a cikinsa, sannan a ɗaura shi a ƙugun jariri. Amfaninsa shi ne yana hana yaro tashi sama ko kuɓucewa idan jirgi ya yi jijjiga. Amurka da Kanada kuwa ba su yarda da shi ba, domin gwajin da aka yi da mutum-mutumi ya nuna cewa a bugu mai ƙarfi jikin babba yana lanƙwasawa gaba ya matse yaron, bel ɗin kuma ya nutse masa a ciki. Idan kamfanin da aka shiga yana ba da shi, wajibi ne a yi amfani da shi. Abin da ba a yarda da shi ba ko'ina shi ne uwa ta zagaya bel ɗinta guda ɗaya ta haɗa kanta da jariri, domin a lokacin duk nauyinta zai sauka a kan cikinsa.

Na biyu shi ne kujerar jariri ta mota, wadda ake kira « siège-auto », a ɗaure ta a kan kujerar jirgi da aka saya. Ita ce masana suka fi yabawa. Sharaɗin shi ne ta zama tana ɗauke da tambarin da ke nuna an amince a yi amfani da ita a jirgi. Na Amurka suna da rubutu ja mai cewa an tantance su don mota da jirgin sama. Na Turai suna da lambar R44 ko R129, kuma kamfanoni da dama suna neman ƙarin tambarin cibiyar TÜV ta Jamus. Dole ta zama irin wadda bel ɗin ƙugu kaɗai zai iya riƙe ta, domin kujerun jirgi ba su da ƙugiyoyin Isofix irin na mota. Wadda faɗinta bai wuce santimita 40 ba tana shiga yawancin kujeru. Ƙaramin jariri ana juya kujerarsa ta kalli baya, kamar yadda ake yi a mota. Masu sayen na hannu a kasuwa su duba da kyau, domin idan tambarin ya goge ko ya ɓare, ma'aikata suna da ikon ƙin karɓarta su tura ta cikin kaya.

Na uku shi ne ɗamarar kafaɗa mai suna CARES, wadda ake zagayawa a bayan kujerar jirgi a haɗa da bel. An yi ta ne don yaro mai kilo 10 zuwa 20 wanda tsayinsa bai wuce mita 1 ba, kuma yake iya zama da kansa. Ba ta da nauyi, tana shiga jakar hannu, amma ita ma sai an sayi kujera, kuma ba kowane kamfani ke karɓarta ba.

Na huɗu shi ne ɗan gadon da ake maƙalawa a bangon da ke raba sassan jirgi, wanda ake kira « nacelle » ko « berceau ». Ana samunsa a manyan jirage masu dogon zango, irin na Paris, Istanbul ko Adis Ababa, kuma ba su da yawa, sai an nema tun da wuri. Kowane kamfani da iyakarsa. A Air France, alal misali, jaririn ya kasance ƙasa da kilo 10 da santimita 70. Gadon na hutu ne kawai. A lokacin tashi da sauka, da duk lokacin da aka kunna fitilar ɗaura bel, za a ce a ɗauke yaron daga ciki.

Goyo fa?

Goyo yana da matuƙar amfani a filin jirgi, wajen bin layi da hawa matakala, musamman a filayen da ake tafiya a ƙasa ko a shiga bas kafin a kai ga jirgi. Da an isa kujera kuwa sai a kwance majanyi a sauke yaron. Zama da goyo a baya yana sanya jariri tsakanin uwa da bayan kujera, inda kowane bugu zai matse shi. Haka abin goyon ƙirji na zamani, yawancin kamfanoni ba sa barin a bar yaro a ciki lokacin tashi da sauka, domin ba a yi shi don jure irin wannan ƙarfi ba. A wurin binciken jami'an tsaro ma ana iya cewa a kwance goyon.

Wane wuri za a zaɓa?

Gefen taga, wato « hublot », ya fi na bakin hanya. A bakin hanya ne keken abinci yake wucewa, a nan ake miƙa shayi da kofi masu zafi, kuma a nan jaka take faɗowa idan wani ya buɗe ma'ajiyar sama. Ƙuna da abin sha mai zafi tana cikin raunukan da yara suka fi samu a jirgi. Mai riƙe da jariri ya fi kyau ya haƙura da shayi, ko ya bari sai wani ya karɓi yaron. Kujerar mota ita ma a gefen taga ake ɗaure ta, don kada ta tare wa wani hanya idan ana fitar gaggawa.

Ba a zaunar da mai jariri a layin ƙofar gaggawa, domin wanda ke wurin ana sa ran zai iya buɗe ƙofa ya taimaki jama'a. Wasu kamfanoni suna haɗawa da layin gabanta da na bayanta.

Akwai kuma batun takunkumin iskar oksijin da ke saukowa daga sama idan iskar cikin jirgi ta zube. A yawancin jirage, jerin kujeru yana da ƙarin takunkumi ɗaya ne kawai a kan adadin kujerun, a wasu jiragen ma ba kowane jeri ke da ƙarin ba. Wannan ne ya sa ake raba mata biyu masu jarirai ko da tare suke tafiya, ko miji da mata masu tagwaye. Don haka bai kamata mai jariri ta yi musayar wuri da wani ba tare da ta tambayi ma'aikata ba. Idan takunkumin ya sauko, babba ya fara sa nasa. A tsayin mita 10,000 zuwa 11,000, mutum ba ya wuce daƙiƙa 30 zuwa 60 cikin hayyacinsa idan babu oksijin, kuma uwar da ta suma ba za ta iya sa wa ɗanta ba.

Game da jijjiga, an fi jin ta a can baya, an fi samun sauƙinta a daidai fukafukai. Idan jirgi zai ratsa teku, akwai rigar ceto ta jarirai wadda ba a ajiye ta ƙarƙashin kujera, ma'aikata ne ke raba ta su kuma nuna yadda ake sa ta.

Idan aka ce a fita da gaggawa, yaron kaɗai ake ɗauka, a bar jaka da kujerar mota da komai. Ranar 2 ga Janairun 2024, jirgin Japan Airlines ya kama da wuta a filin Haneda na Tokyo bayan ya yi karo da wani ƙaramin jirgi. Dukkan mutum 379 da ke cikinsa sun fita da rai, har da jarirai 8, kuma an yaba da yadda fasinjoji suka bar kayansu suka bi umarnin ma'aikata.

Lafiyar jariri a sama

Kamfanoni da yawa suna karɓar jariri daga kwana 7, wasu kuma suna neman takardar likita idan bai kai mako biyu ba. Likitocin yara sun fi son a jira ya yi wata biyu ko uku idan tafiyar ba ta dole ba ce, saboda cunkoson jama'a da saurin kamuwa da cuta. Iskar cikin jirgi daidai take da ta saman dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, wato oksijin ɗinta ya ragu kaɗan. Yaro mai lafiya yana jure wa wannan. Bakwaini, da mai ciwon zuciya ko huhu, da mai amosanin jini, wato sikila, wadda ta yawaita a yankinmu, sai an ga likita kafin a sayi tikiti.

Kukan da jarirai ke yi lokacin sauka yawanci ciwon kunne ne, saboda sauyin matsin iska. Haɗiya ce ke buɗe kunnen, shi ya sa ba da nono ko bibiro a lokacin da jirgi ya fara gangarowa yake taimakawa. Gangarowar tana farawa kusan minti 30 kafin sauka. Yaron da ke fama da mura mai tsanani ko ciwon kunne a kai shi asibiti tukuna.

Kada a ba jariri maganin sa barci don ya yi shiru. Maganin promethazine, wanda aka fi sani da Phenergan, an hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba, saboda yana iya danne numfashi. Idan yaro ya yi barci a ƙirji, a tabbata hijabi ko mayafi ko bargo bai rufe masa hanci ba, musamman a tafiyar dare da uwa ma barci ke iya ɗaukar ta.

Dokar hana shiga da ruwa fiye da mililita 100 ba ta shafi madara da abincin jariri ba, muddin yaron yana tare da mai ɗauke da su. A fito da su daban a nuna wa jami'ai.

Takardu

Jariri ma fasinja ne, sai da sunansa a tikiti. A tafiyar ƙetare yana bukatar fasfo nasa, da biza idan ƙasar da za a je tana nema. Yana da kyau a riƙe takardar haihuwa, domin da ita ake tabbatar da shekarunsa da kuma dangantakarsa da mai ɗauke da shi, musamman idan sunan uwa a fasfo bai yi kama da na ɗanta ba, ko an rubuta suna ɗaya da salon Faransanci a wata takarda da salon Ingilishi a wata. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai zai yi tafiyar, ko kaka ko gwaggo, ƴan sandan kan iyaka a ƙasashe da dama suna neman takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma. Allurar rigakafin zazzaɓin shawara ana yin ta ne daga wata 9, kuma ƙasashen yankin suna neman katinta daga wata 9 ko shekara 1, gwargwadon dokar kowace ƙasa.

Ga wanda bai da halin ƙarin tikiti

Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. A zaɓi ranar da jirgi ba ya cika, a isa filin jirgi da wuri, a tambayi mai duba tikiti ko akwai kujerar da ba kowa a gefe. Wasu kamfanoni suna barin a ɗaura kujerar jariri a wurin kyauta idan tana da tambarin da ake bukata, amma alfarma ce, ba hakki ba. Idan ba a samu ba, a karɓi ƙaramin bel, a bar shi a ɗaure ko da fitila a kashe take, babba ma ya bar nasa a ɗaure.

Idan tafiyar ta haɗa jirage biyu na kamfanoni daban-daban, kamar a sauya a Lome, Abijan ko Kasabalanka, kowane kamfani da ƙa'idarsa, kuma ta kamfanin da ke tuƙa jirgin ce ke aiki, ko da wani ne ya sayar da tikitin. A tambayi kowannensu tun kafin a biya kuɗi ko yana karɓar kujerar da ake da ita, kuma a nemi amsar a rubuce, ta imel ko saƙon waya, don a nuna a bakin jirgi idan gardama ta taso.